Numfashin da Ya Bari a Yanbu

Ɗigar ruwa na fara ji. Ina kicin ina tsince shinkafa, wata Asabar bayan la'asar, sai ɗis, ɗis daga banɗaki, kamar an bar famfo bai ɗauru ba. Na tambayi babbar 'yata ko ita ce ta shiga, ta ce ba ita ba ce. Na goge hannu a zanena na je da kaina. Ina tura ƙofar na ja da baya ina salati. Wani baƙin abu ne rataye a ƙusar tawul, da hannuwansa da ƙafafunsa, babu kai, kamar an feɗe mutum an shanya fatar. Daga ƙafafun ruwan yake ɗiga cikin bahon wankina.

Maigidan yana bayana, dariya har da dafa bango.

"Baƙauya. Riga ce fa, ta shiga teku."

"Wane tekun, a Madinar da ko kududdufi babu?"

"Yanbu ta yi ƙaura ne?"

Ashe tafiyar da ya ce za su yi da abokan aikinsa zuwa Yanbu, garin da ke bakin teku, su ci kifi su kwana su dawo, ba kifi kaɗai aka ci ba. An goya masa tukunyar iska a baya, an sa masa bututu a baki, an saukar da shi ƙarƙashin ruwa. Ya dawo fuskarsa tana sheƙi kamar yaron da aka yi wa ɗinkin sallah.

Ɗan gwaggona ne. Ita Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, an kawo ta aure Madina tun ba a haife ni ba, cikin zuriyar mutanen da kakanninsu suka zo hajji a ƙafa ba su koma ba. A unguwar Harra ta Gabas aka haife shi, ɗan ƙasa ne, Hausarsa da Larabcinsa a kwano ɗaya suke. Ni a Kano na tashi. Na gama sakandare, na rako mahaifina umara, muka sauka gidansu, ya fara tsokanata kamar yadda taubashi yake yi, ni ma ban raga masa ba. Wasan ne ya zama aure. Yaya nake ce masa har gobe. Shi kuwa ya ce min baƙauya, ko 'yar tudu, ni in ce masa Balaraben jabu. Da wannan tsokanar aka gina gidanmu, domin kalaman soyayya daga ni har shi babu wanda ya iya.

Muna haya a unguwar Ranuna a lokacin, hawa na uku, babu lif. Gwaggo tana tare da mu tun rasuwar mijinta. Shi yana aiki a wani otal kusa da Harami, shi ne a kan masu ɗaukar kayan baƙi. Amma abin da unguwa ta san shi da shi murya ce. In ladanin masallacinmu ya yi tafiya shi ake turawa, kuma ko suya nake yi na san shi ne, domin yana jan kiran har sai mai saurare ya fara tausaya wa ƙirjinsa, shi kuwa ko a jikinsa. In azumi ya zo, wasu ranakun yakan haƙura da cunkoson Harami ya ja mu tarawi a falo, ni da Gwaggo da yara a bayansa. Shekara da shekaru ina tsayawa a bayan mutumin nan. Na san inda yake yanke numfashi a kowace doguwar aya kamar yadda na san inda tayil ɗin kicina ya tsage.

Daga wannan Asabar ɗin abin ya zauna. Ya yi rajista a wata cibiyar koyon nutso a Yanbu, ya samu katinsu, kaya suka fara shigowa gida ɗaya bayan ɗaya: gilashin fuska, takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa, agogon da ya fi na bangon falonmu wayo. In ya idar da Juma'a sai ya kama hanya, ya kwana can, ya nutsa da safe, ya dawo mana da kifi a kula. A da duk Asabar yakan taka da ƙafa zuwa masallacin Ƙuba da yaran, su yi raka'a biyu, su sayo ful da tamis, dafaffen wake da gurasa, a hanya. Asabar ta koma ta teku. Na yi ƙorafi, ya ce Ƙuba tana nan ran Lahadi ma.

Ban hana shi ba. Ba zan yi ƙarya in ce tun farko na hango wani abu ba. Na ma ji daɗi, domin wata rana muna shan shayi da na'ana bayan magariba na tambaye shi me yake gani a can da ya fi gidansa, sai ya ajiye kofin, ya bar wasa.

"Ba abin da nake gani ba ne. Abin da ba na ji ne. Tun ina saurayi ake kirana. Wannan ya kaɗa min yatsa, wancan ya ce ya walad, wato kai yaro, mutum da furfurarsa. Wani ma bai san a garin nan aka binne kakana ba, zai tambaye ni yaushe na zo. A can ƙasa babu mai kiran kowa. Numfashina kawai nake ji, yana shiga yana fita."

Wace mace ce za ta ji wannan ta ɓoye wa mijinta mukullin mota? Ni na riƙa wanke masa rigar da ruwan daɗi don kada gishiri ya cinye ta. Na koyi dafa shinkafar kifi irin ta mutanen gaɓa, mai soyayyiyar albasa har ta yi baƙi.

Akwai wani abu da na sani, wanda a gidan ba a faɗa. Ina da cikin fari Gwaggo ta gaya min, tana rage murya duk da mu biyu ne a ɗakin. Ta ce yana yaro ya yi fama da wancan abin na ƙirji, in ya taso masa sai ka ji kamar mage ce a cikinsa, su kwana a zaune. Da zamzam da zuma da habbatus-sauda da addu'a Allah Ya yaye masa yana gab da balaga. Na ce, "Gwaggo, asma ke nan?" Ta rufe min baki da tafin hannunta.

"Kul. Cutar da Allah Ya yaye ba a kiran sunanta. In kika kira ta tana ji, sai ta waiwayo."

Haka gidansu yake tun kakanni. Wanda ya warke daga wani abu, abin ya zama wancan abin, daga baya ma ya zama bai taɓa faruwa ba. Shi ya sa ranar da cibiyar ta tambaye shi ko ya taɓa ciwon ƙirji ya ce a'a, kuma na tabbata bai ji a ransa cewa ƙarya ya yi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, aka haifi auta, babbar ta shiga jami'a. Canjin bai zo da ƙara ba. A sallah na fara kama shi. Wani azumi ya ja mu tarawi, ya shiga wata doguwar aya da na san yakan kai ta har inda ma'ana ta cika kafin ya tsaya, sai na ji ya yanke a tsakiya, ya ja iska, ya koma baya kaɗan ya ɗora. Na ce ƙila buɗa-baki ne ya yi masa nauyi. Azumin da ya biyo baya wurin tsayawar ya ƙara matsowa. Na gaba, ayar da yake yi da numfashi biyu ta koma huɗu. Babu wanda ya lura. Gwaggo tana zaune a kujerarta tana jin daɗin muryar ɗanta, yara suna ƙagare a sallame. Ni kaɗai nake tsaye ina jin mijina yana raguwa, har in rasa raka'a ta nawa muke, in yi ta istigfari.

Sai sauran abubuwan suka biyo. Tarin ranar Lahadi, busasshe, wanda yake kaiwa Talata. In mun dawo daga kasuwa, a hawa na biyu sai ya tsaya ya ciro waya kamar an turo masa saƙo, ni kuwa ina ganin allon wayar a kashe. Ladan ya yi tafiya, aka zo kiran maigidan, ya ce a tura wani yaro ya koya.

Na ce masa, "Yaya, ruwan nan yana cin ƙirjinka."

"Mukayyif ne, na'urar sanyin nan. Kin mai da ɗaki firji, 'yar tudu, kamar a Kano aka hana ki sanyi."

"Ba ka tari ran Alhamis. Mukayyif ɗin hutu yake yi?"

"To tsufa ne. Ke ma ai ba jiya aka yaye ki ba."

Gwaggo ita ma ta ji tarin, sai dai nata bayanin daban. Ta ce teku ba ya rasa masu shi, kuma wanda yake shiga gidan mutane ba sallama dole wani abu ya biyo shi. Duk Asabar in ya dawo sai ta hura gawayi a kasko, ta zuba turare da wasu saiwoyi da ake kawo mata daga gida, ta sa shi ya durƙusa ta lulluɓa masa bargo. Ina jin sa a ciki yana tari kamar zai amayar da hanjinsa, ita kuma tana cewa, "Yauwa, fita suke yi." Shi da yake gardama da kowa, bai taɓa ce wa mahaifiyarsa a'a ba. In ya fito idonsa jajur sai ya kashe min ido ɗaya.

Wani sanyin hunturu mura ta kama shi ta ƙi saki. Ya kai ga in ya yi magana mai tsawo sai ya huta. Da ƙyar da roƙo ya yarda muka je asibiti, kuma na nace sai na shiga tare da shi. Likitan dattijo ne, Basudane, mai magana a hankali yadda har ni mai Larabcin kasuwa nake gane shi. Ya saurari ƙirjin, ya tura shi wani ɗaki aka matse masa hanci aka ba shi bututu ya hura da iyakar ƙarfinsa, ya sake, ya sake. Da muka dawo likitan ya daɗe yana kallon allon kwamfutarsa.

Ya tambaye shi sigari, ya ce a'a. Shisha, a'a. Aiki cikin ƙura ko siminti, a'a. Duk gaskiya ne. Sannan ya ce, "Kana yaro ka taɓa yin asma?"

"La, alhamdu lillah." Wato a'a.

Likitan ya gyaɗa kai yana mamaki, ya ce to bari a ba shi magani a ga abin da hali zai yi. Bai tambayi teku ba. Wa zai tambayi mutumin Madina teku? Na ga hannunsa ya nufi rubuta magani, na ga za mu tashi mu fita kamar yadda muka shigo, ran Juma'a kuma a kama hanyar Yanbu. Ina sanye da niƙabi, amma na ji kamar kowa yana ganin fuskata. Na ce, da karyayyen Larabcina, "Ya daktur, ya yi asma yana yaro. Kuma yana nutso a teku da tukunyar iska, shekaru da yawa."

Maigidan bai juyo ba. Bayan wuyansa kawai na gani ya ƙame.

Likitan ya ajiye abin rubutunsa. Bai yi faɗa ba. Ya ce yawancin masu nutso suna yi har su tsufa ba abin da yake samun huhunsu na a-zo-a-gani, kada mu ɗauka tekun ne mugu. Amma iskar tukunya busasshiya ce mai sanyi, kuma wanda hanyoyin iskarsa dama suke da saurin tsukewa, shekara bayan shekara tana gurzar su, ga shi nasa sun ƙuntata, iska tana shiga ta ƙi fita duka. Ya ce wannan ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne ranar da iska za ta maƙale masa a ƙasa, yana tasowa sama tana kumbura, ta rasa hanya, ta yaga huhun. Ya ce nutso ya ƙare. Ya ce hayaƙi kowane iri ya ƙare. Ya rubuta a fayil ɗinsa, kuma cibiyar ba ta sake karɓar mai shekarunsa sai da shaidar likita.

A mota bai kunna komai ba. Mun wuce Ƙuba kafin ya yi magana.

"Kin tona min asiri a gaban ƙato."

"Likita ne, Yaya."

"An tambaye ki?"

Ba a tambaye ni ba. 

A gida shi ya gaya wa Gwaggo, a tsaye, a taƙaice, ya shige ɗaki. Ta juyo ta dube ni. Matar da ta yi min wankan jego sau uku da hannunta, wadda in na yi kewar mahaifiyata a cinyarta nake kuka.

"Cutar da ta tafi tun kafin ki iya ɗaura zane, kin je kin kirawo ta da sunanta. A gaban mijinki. Ni na ɗauka 'yar ɗan'uwana na kawo gidan nan."

"Gwaggo, ba ta tafi ba. Tana nan, ina jin ta a karatunsa."

"Yanzu kam ai tana nan."

Daga ranar ban sake jin baƙauya a bakinsa ba. Na koma ke. Ke, ina tawul. Ke, an kawo gas? Ban san mutum zai iya kewar zagi ba sai da aka daina yi min. Na gwada tsokanarsa sau ɗaya, na ce Balaraben jabu shayinka zai huce, ya ce, "Shukran," kamar yana magana da baƙon otal.

Ya yi watanni bai je ba. Yana amfani da abin fesawar da aka ba shi, amma a mota, don kada Gwaggo ta gani, don kada ni ma in gani in ce na faɗa. Tarin ya yi sauƙi, Allah shaida ne ya yi sauƙi. Sai dai mutumin ya zama kamar mai takaba. Ran Asabar ya kwanta a falo da waya a ƙirji yana kallon kifayen da ya ɗauka a da, ba sauti, ba magana. Yara suka koyi tafiya da sanɗa. Na ce ko mu je Yanbu gaba ɗaya, mu zauna a bakin ruwa kawai. Ya ce ko na taɓa ganin an kai mai azumi gidan biki don ya kalli masu ci.

Sannan tafiyar Juma'a ta dawo. Ya ce kamun kifi suke zuwa da ƙugiya, daga cikin jirgi, ƙafarsa ba ta taɓa ruwa. Kayan nutson ya kwashe su daga gida, ya ce ya bayar. Amma ni nake wanke kayansa, ni nake ganin sawun gilashi a goshinsa, zobe ja da yake kwana bai baje ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani mai jirgin kamun kifi ne, yana da tsohon injin cika tukwane a bayan gidansa, ba ya tambayar kowa takarda, kuma babu mai horarwa a jirginsa. Kowa ya faɗa ruwa shi da Ubangijinsa.

Na durƙusa masa. Ban taɓa yi ba a zamanmu, domin ba irin aurenmu ba ne, amma na yi, a bakin gado yana sa safa.

"Yaya, don girman wanda muke maƙwabtaka da shi a garin nan. Ka dubi auta, ko makaranta ba ta shiga ba."

"Ajali ba ya jiran teku. Mutane nawa suka mutu a kan katifa?"

"To ka mutu min a kan katifar, in riƙe hannunka."

Na ga kamar zai yi dariya. Bakinsa ya motsa, na ce a raina yau baƙauya za ta dawo. Sai ya sunkuya ya ɗauki takalminsa.

Gwaggo ta ji wannan maganar tawa ta ƙarshe daga falo. Ta ajiye ta a ranta.

Wata Asabar da azahar waya ta shigo, baƙuwar lamba, wani mutum yana magana da sauri yana cewa kada in tsorata. Ya ce maigidan yana ƙasan ruwa numfashi ya sarƙe masa, ya firgita ya taso da sauri. Ya fito yana riƙe da gefen ƙirjinsa, kumfa mai jini a bakinsa. Jirgin ba shi da iskar taimako, kuma sun yi nisa da gaɓa. Ƙanin maigidan ya ɗauke mu a mota ni da Gwaggo. Duk tsawon hanyar nan, duwatsu baƙaƙe suna wucewa, Gwaggo tana jan carbi.

Ranar na fara ganin tekun da idona, ta gilashin mota, gab da faɗuwar rana. Na so in ga abu mai muni. Sai na ga shimfiɗa shuɗiya mai kyau wadda ban taɓa ganin irinta ba, a kwance lumui, yara suna wasa a bakinta da balan-balan. Kyan nan nasa har yau ban yafe masa ba.

Huhunsa na dama ne ya yage ya lotse. Likitoci sun huda haƙarƙarinsa sun zura bututu da ya sauka cikin wata kwalba a ƙarƙashin gado. Ya rayu, alhamdu lillah, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. Amma abin da ya dawo Madina da shi bai kai rabin abin da ya tafi da shi ba. Likitocin sun ce wanda ya yage ya ɗinke, sai dai ƙuntatar da hanyoyin iskarsa suka riga suka yi ba ta komawa, ga tabo a kai.

Muka bar hawa na uku muka koma wani gida na ƙasa, mai duhu, tagarsa tana kallon bangon maƙwabci. A otal suka mai da shi aikin zaune a kan tebur, daga baya suka sallame shi da mutunci. Na kwashe kaskon turare da duk kwalaben da na tara tun ina amarya na ba maƙwabciya. Gidan Bahaushiya ba turare, in baƙi suka shigo sai in ji kamar ban yi wanka ba. Yanzu in ya yi alwala sai ya zauna ya huta kafin ya ta da kabbara. Karatunsa a ɓoye yake yi, leɓe kawai ke motsi. Azumin bana ɗanmu na tsakiya ne ya ja mu tarawi, da gajerun surori, uban yana zaune a gefensa a kujera kusa da ta Gwaggo.

Abokansa na cibiyar sun zo dubiya, mutum huɗu, wasu sun girme shi, ƙirji a buɗe, dariya a cike, ba wanda yake ko kakin majina. Sun kawo kifi. Na kai musu gahawa da dabino na tsaya a bayan labule ina jiran kofuna. Ɗayansu, mutumin kirki ne, ya dafa gwiwarsa ya ce, "Wallahi ya shek, da kana tare da mu da haka ba ta faru ba. Ai ba ma barin mutum ya taso shi kaɗai, kuma iskar taimako tana jirgi kullum." Bai san me ya ajiye min a gida ba. Ya sha gahawarsa ya tafi.

Da yamma ina ba shi magani ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, domin ba shi da muryar ɗagawa, "Kin ji dai. Da kin yi shiru, da ina wurin masu horarwa."

Na juya maganar nan a kaina har na gaji. Da na yi shiru, da ƙila yana jirgin kirki ranar da iskar ta maƙale, da an riƙe shi an taso da shi a hankali. Da ƙila kuma a jirgin kirkin ne za a ɗauko min gawa. Ba ni da hanyar sani. Na je Harami na nemi wata malama da take zama da mata bayan asuba, na gaya mata komai ban rage ba. Ta ce gaya wa likita gaskiyar ciwo ba tona asiri ba ne, kuma cuta ba ta da kunnen jin sunanta, Allah ne mai saukarwa mai yayewa. Na dawo gida da wannan amsar a hannu kamar wadda ta sayo kayan miya bayan an gama cin tuwo. Ban sami wanda zan ba ba.

Gwaggo ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata Kano ba. Muna gaisawa, ina dama mata kunu, ina yanke mata farce. Amma in na buɗe baki zan yi maganar jikinsa, ko da cewa zan yi yau da sauƙi, sai in ji tana karanta neman tsari ƙasa-ƙasa. In baƙi mata suka zo, ina kicin ina jin muryarta ta sauka, sannan in ji sun ce, "Allah Ya kyauta, baki ai kibiya ne." Da na shigo da tire sai a koma maganar tsadar tumatir.

Shi kuwa ba ya faɗa, ba ya wasa. Ni nake masa komai, kuma yana godiya a kan komai, godiyar da ta fi mari ciwo. Wani lokaci in na ga yana ƙoƙarin ɗaura maɓallin wuyan rigarsa yana haki, tausayinsa yakan cika ni har in manta ina fushi. Wani lokaci kuma in tuna na durƙusa masa ya ɗauki takalmi, in ji ko ruwa ba na son miƙa masa. Sai in miƙa.

Jiya da la'asar ina zaune a tabarmar falo ina yi wa auta kitso. Ita da Larabci take amsa min komai, kamar yayyenta, Hausa sai in za ta kwaikwayi wani. Yana ɗaki, ƙofa a buɗe, na ji tarin ya fara, irin wanda na san in ba a tare shi da wuri ba sai ya kai mu asibiti. Na ɗaga kai na ce, "Yaya, ƙirjin ne? Ka fesa maganin tun bai..."

Yarinyar ta juyo da sauri, rabin kanta a tsefe, ta ɗora ɗan tafin hannunta a kan bakina. Hannun yana ƙanshin man kitso. Idonta ya ciko, ba rashin kunya take yi ba, roƙona take yi. Ta yi maganar da Hausa, tsohuwar Hausar kakarta, wadda suke kira Sitti.

"Umma, ki yi shiru. Sitti ta ce bakinki ne ya kwantar da Abba. Don Allah ki daina magana, ko zai warke."